Kafin Ka Yarda A Yi Mata Fomatin



Zancenmu na yau a kan wata 'yar matsala ce da kusan duk mai kwamfuta ya taɓa cin karo da ita. Ka danna bidiyo, manhajar kallo ta buɗe, hoto ya fara motsi, sai kawai ta rufe kanta ba sallama. Ko hoton ya tsaya cak, murya na ta tafiya ita kaɗai. Ko allon ya yi baƙi ya dawo. Wani sa'in ma kwamfutar ce ɗungurungum za ta ɗauke wuta, sai an sake kunna ta. Ga mai kallon nishaɗi, wannan ɓacin rai ne kawai. Amma ga mai ɗaukar bidiyon biki da ya yi wa dangin amarya alkawarin gobe, ko mai shagon tura fina-finai da layi ke jiransa, ko ɗalibar da aka turo wa lacca a bidiyo ana jibi jarrabawa, abin ya wuce ɓacin rai, ya taɓa aljihu da mutunci.

To, ka ɗauki kwamfutar ka kai wurin gyara. Sau da yawa kafin ka gama bayani za ka ji an ce maka, "Yallaɓai, ai sai dai a yi mata fomatin." Wato a share komai, a ɗora sabon Windows. Ba na yi wa masu gyara kuɗin goro, akwai ƙwararru masu tsoron Allah a cikinsu, kuma mun san su. Na kuma san abin da ya sa fomatin ke da farin jini a shago: aiki ne mai sauri, kuɗinsa sananne, kuma yakan yi kamar ya yi magani na mako ɗaya ko biyu. Amma idan asalin ciwon zafi ne, ko ƙura, ko had-dis ne ya fara gajiya, matsalar za ta dawo yadda take, kai kuwa hotunan sunan ɗanka da takardun aikinka sun riga sun tafi. Ra'ayina a nan a fili yake: fomatin shi ne matakin ƙarshe, kuma a goma da wuya ka sami biyu da suka cancanci a kai su can. Masu ƙira suna cewa sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Wurin bugun kuwa ba ya wuce uku. Ko dai bidiyon ne da kansa ke da laifi, ko manhajar da ke buɗe shi, ko ita na'urar. Kuma rarrabe su ba ya bukatar ko sisi. Ka nemi wani bidiyo da ka tabbata lafiyarsa ƙalau, ka buɗe shi da wannan manhaja. Ya yi? To manhajar ba ta da laifi sosai, koma kan bidiyon farko. Ka tura shi waya, ko ka gwada shi da wata manhajar kallo daban. Idan ko'ina ka kai shi a daidai minti ɗaya yake tsayawa, to ka bar kwamfutarka ta huta, fayil ɗin ne ya lalace. Sharaɗi guda ne kawai: abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ka gwada, sannan ka matsa gaba. Wanda ya canza abu biyar a tare, ko ya dace ya warke, bai san me ya warkar da shi ba, kuma ran da ta sake faruwa zai koma 'yar gidan jiya.

Yaya fayil ke lalacewa? Galibi a hanya. Ana cikin saukewa data ta ƙare, ko ana turawa daga waya zuwa waya aka katse, ko an zare filashi kwamfuta ba ta gama rubutu ba, ko an ɗauke wuta ana tsakiyar kwafa. Bidiyon MP4 yana da wani ɗan sashe da ke riƙe da taswirar duk abin da ke cikinsa, kuma kyamarori da wayoyi da yawa sai a ƙarshen ɗauka suke rubuta wannan sashe. Shi ya sa idan batir ya mutu ana cikin ɗaukar ɗaurin aure, za ka ga fayil ɗin da nauyinsa, amma ya ƙi buɗuwa sam. Akwai kuma filashin da aka tsara da tsohon tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4. Sai uwa uba, filashin jabu da memorin jabu da suka cika kasuwa. A jiki an rubuta giga 64, a ciki kuwa abin da ke akwai bai taka kara ya karya ba. Za ta nuna maka ta karɓi komai, sunayen fina-finai duk ga su nan a jere, amma na ƙarshe-ƙarshen fanko ne. Akwai wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna H2testw da ke cika filashi da bayanai ta sake karantawa, ta faɗa maka gaskiyar girmanta. Mai shagon turi da bai san ta ba yana sayen rigima da abokan cinikinsa. Kuma in dai za ka iya, kwafe bidiyon ka sauke shi a kan kwamfutar kafin ka kalla, kada ka riƙa kallo kai tsaye daga filashi mai lilo a rami.

Yanzu mu ce fayil ɗin lafiyarsa lau, yana yi a waya, amma kwamfuta ta ƙi shi. A nan ne zan ɗan daɗe, domin a nan mafi yawan mutane ke ruɗewa.

Waɗannan haruffa da kake gani a ƙarshen sunan bidiyo, MP4 ko MKV ko AVI, sunan buhu ne kawai. Buhu iri ɗaya na iya ɗaukar gero, yana iya ɗaukar masara, kuma injin da ke niƙa wannan ba lalle ya iya da wancan ba. Abin da ke cikin buhun shi ne salon da aka bi aka matse hoton don ya rage nauyi, wanda masana ke kira kodek. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne H.264, da aka fitar a 2003, kuma kusan duk wata kwamfuta da ke raye a yau ta san shi. A 2013 aka fito da H.265, wanda ake kuma kira HEVC. Yana matse bidiyo ya kusa rabin nauyin wancan ba tare da hoto ya dushe ba, amma warware shi na cin ƙarfin na'ura sosai. Wayoyin iPhone sun koma ɗauka da shi tun 2017, wasu wayoyin ma suka bi sahu. A 2018 kuma aka ƙaro AV1.

Ina ruwanmu da waɗannan shekaru? Ruwanmu a nan shi ne, laftof da yawa da ke hannun jama'armu gwanjo ne, 'yan shekara goma ko fiye. Furosesan Intel ba su fara warware H.265 da kansu gaba ɗaya ba sai daga zubi na 6, wajen 2015. AV1 kuwa sai zubi na 11, a 2020. Wato mai Core i5 zubi na 3 ko na 4, idan aka ba shi bidiyon 4K da sabuwar waya ta ɗauka, na'urarsa za ta yi ta nishi, fanka ta yi ta kuka, hoto na tafiya yana tsayawa. Wannan ba bairos ba ne, kuma fomatin sau goma ba zai ƙara mata ƙarfi ba. Maganinsa a rage bidiyon, a mayar da shi H.264 mai matsakaicin girma da manhaja irin HandBrake, ko a ce wa mai ɗauka ya sauya saitin wayarsa tun daga farko.

Manhajar da aka fi sani a wurinmu ita ce VLC, mai tambarin mazubin nan ruwan lemo da ake jerawa a titi. Asalinta aikin ɗalibai ne a wata makarantar injiniyoyi da ke kusa da birnin Paris na Faransa, tun 1996, aka sake ta kyauta ga duniya a 2001, kuma har yau wata ƙungiya mai zaman kanta da ba ta neman riba, VideoLAN, ke kula da ita. Ba talla, ba kuɗi. Tun daga zubi na 3.0 da ya fito a watan Fabrairun 2018, VLC kan miƙa aikin warware hoto ga sashen hoto na kwamfutar kai tsaye, don furosesa ta sami sauƙi. Dabara ce mai kyau a sabuwar na'ura. A tsohuwa kuwa, musamman wadda direban hotonta ya tsufa, nan ne ake yawan samun rufewar nan ta ba-zata, ko hoto ya koma kore, ko ya dagargaje. Gwajin mai sauƙi ne. A VLC ka shiga Tools, ka zaɓi Preferences, ka je Input da Codecs, ka nemi inda aka rubuta Hardware-accelerated decoding, ka mayar da shi Disable, ka adana, ka rufe manhajar ka sake buɗewa. Idan ta daina rufewa, ka gano ɓarawon. Idan ba ta daina ba, a ƙasan wannan shafi akwai Reset Preferences, wanda ke mayar da duk saitin yadda ya zo daga masana'anta. Yara kan shiga su yi ta taɓe-taɓe, mu manya ma mukan yi.

In duk ba su yi ba, cire ta ka sa sabuwa. Amma don Allah daga gidanta, videolan.org, ba daga filashin da ya zaga kwamfuta ɗari ba, ba kuma daga shafin da ya cika da maɓallan saukewa masu walƙiya ba. Duk shafin da ya ce maka sai ka sauke wani kodek na musamman kafin ka kalli bidiyonsa, rufe shi ka kama gabanka. Tsohuwar dabarar ɓarayi ce, sun daɗe suna cin kasuwa da ita. Kada kuma a ce tunda tsohuwar VLC na aiki a bar ta haka. A watan Mayun 2017 masu binciken kamfanin Check Point sun nuna cewa da ɗan fayil ɗin fassarar da ke fitowa a ƙasan fim kaɗai ana iya ƙwace kwamfutar mutum ta hanyar VLC da Kodi da wasu irinsu. An toshe wannan ƙofa tuntuni, amma sai ga wanda ya sabunta.

Na ambaci direba. Ita ce ƙaramar manhajar da ke tsakanin Windows da sashen hoto, ko na Intel ne, ko Nvidia, ko AMD. Idan sashen hoton ya yi shiru na daƙiƙa 2 bai amsa ba, Windows kan tayar da direban da ƙarfi, shi ne za ka ga allo ya yi baƙi ya dawo, manhajar kallo kuwa ta faɗi. Kuma Windows na rubuta duk wannan a littafinsa, mu ne ba ma karantawa. Ka rubuta Reliability a wurin bincike na Start, zai buɗe maka jadawalin kwanaki, da jan tambari a duk ranar da wani abu ya faɗi. Danna shi ka ga sunan abin da ya jawo. Idan sunan ya fara da ig, galibi na Intel ne. Idan nv ne, Nvidia. Idan ati ko amd ne, ka san mai shi. Sai ka sauko da direban daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin.

Wannan jadawali yana amsa wata tambaya da ta fi kowace muhimmanci, wadda kuma masu gyara ba su cika yi ba: me ya canza? Jiya tana yi, yau ba ta yi, to me aka sa mata tsakanin jiya da yau? Sabuntawa ma kan zo da nata. Ranar 19 ga Yulin 2024, wata sabuntawa guda daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu Windows, bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Ba ɓarawo, ba bairos. Don haka idan matsalarka ta fara ne bayan sabon direba, a Device Manager akwai Roll Back Driver, ka koma kan na da.

Mu juyo kan na'urar kanta. Alamar da ba ta ƙarya ita ce wannan: bidiyo na yi lafiya na minti goma ko ashirin, sannan ya fara sarƙewa, ƙasan laftof ya yi zafin da ba ka iya ɗora shi a cinya, daga nan ta mutu. Wannan zafi ne. Furosesa idan ta doshi digiri 100 a ma'aunin Salshiyas takan rage gudu don ta tsira, in abin ya ci tura ta kashe kanta. Mu kuwa ƙasarmu ta haɗa mata biyu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ya cika mata ciki da ƙura, ƙurar ta dunƙule a bakin fanka ta toshe mafitar iska. Kafin ta farfaɗo bazara ta shigo, a Sakkwato da Maiduguri da Yamai ma'auni ya haura 40. Sannan mu ɗora ta a kan katifa ko filo ko darduma, mu toshe ɗan ramin da ya rage mata na numfashi. Wanda ya ƙera ta a Sin ko Taiwan bai yi lissafin wannan ba.

Ka ɗora ta a kan tebur ko faranti mai tauri, ka ɗan ɗaga bayanta. Ko sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya wuce, a buɗe a kakkaɓe ƙurar da abin hura iska, a riƙe fankar kada ta yi ta juyawa a banza, kuma kada a hura da baki saboda danshi. Idan ta haura shekara uku ko huɗu, a goge man nan mai kauri launin toka da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, a shafa sabo. Wannan ne aikin da ya kamata ka biya mai gyara ya yi maka, ba fomatin ba.

Had-dis ma na tsufa. Idan kana jin ƙas-ƙas a ciki, ko kwafar ɗan fayil na ɗaukar dogon lokaci, ko fayilolin da suke lafiya jiya sun fara ƙin buɗuwa, kada ka tsaya gyaran manhajar kallo. Kwashe kayanka yau, ba gobe ba. Manhajar CrystalDiskInfo na karanta rahoton lafiyar da had-dis ke ajiyewa da kansa, in ta nuna ruwan ɗorawa ko ja, to ya fara sallama. Maye shi da SSD shi ne alheri mafi girma da za ka yi wa tsohuwar laftof. Ga RAM kuma akwai Windows Memory Diagnostic a cikin Windows ɗin, kyauta. Wutar lantarki ba sai na ja zance ba, kowa ya san halinta: mai kwamfutar tebur ya nemi UPS, mai janareta ya bari ta daidaita kafin ya jona, kuma a guji cajar arha da ke sa linzami rawa.

Akwai abin da nake so in yi kashedi a kai da babbar murya, wato manhajojin nan masu alkawarin wanke kwamfuta da ƙara mata gudu. Za ta nuna maka jan rubutu, wai ta gano matsala dubu, danna nan. Mafi yawansu talla ce da tsoratarwa. Ko wadda ta yi suna a cikinsu, CCleaner, a 2017 ɓarayi suka kutsa suka cusa mata muguwar manhaja, mutane sama da miliyan 2 suka sauke ta da hannunsu suna neman tsafta. Garin neman ƙiba aka samo rama. Windows na da nasa kayan shara, Storage Sense da Disk Cleanup, sun isa. Haka riga-kafin bairos, ɗaya ya wadatar, kuma Defender da ke zuwa da Windows 10 da 11 ba kanwar lasa ba ne idan ana sabunta shi. Ka haɗa biyu, su yi ta kokawa da juna, bidiyonka na sarƙewa a tsakani. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka duba jerin abubuwan da ke tashi da zarar an kunna kwamfuta, ka kashe waɗanda ba ka bukata. Kada kuma ka cika ma'ajiyar C har layinta ya yi ja.

Na san dalilin da ya sa mutane ke kashe sabuntawar Windows, data na da tsada. Amma a tuna bairos ɗin WannaCry, da ya ɓulla a watan Mayun 2017 ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ya riga ya fitar da maganin tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba ne abin ya ci. Kuma ga wani batu da ya shafe mu kai tsaye: Windows 7 an daina kula da shi tun Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinsa na yau da kullum ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, alhali Windows 11 a hukumance yana neman furosesar Intel zubi na 8 zuwa sama. Mai shirin sayen gwanjo ya tambayi zubin furosesa kafin ya tambayi launin murfi.

Shin fomatin ba shi da rana ke nan? Yana da ita. Idan bairos ya yi kaka-gida, ko Windows ɗin ya lalace har ba ya tashi, an kuma gwada waɗannan matakai ba su yi ba, to a yi. Ko a nan ma, Windows 10 da 11 na da Reset this PC, mai zaɓin barin fayilolinka yadda suke. Kuma ko da wannan zaɓi, kada a taɓa komai sai ka ga kwafin kayanka da idonka a wani had-dis na waje, ka buɗe biyu ko uku ka tabbatar suna yi. Duk abin da kwafinsa ɗaya ne tak a duniya, a bakin rami yake.

Kira na ga 'yan'uwana masu gyara shi ne ku riƙa tambayar mai kaya yaushe abin ya fara da abin da ya canza, ku duba zafi da had-dis kafin ku ɗauko filashin Windows, kuma kada ku share wa mutum kaya ba da saninsa ba. Kai kuma mai sauraro, malam ko malama, in an ce maka sai fomatin, ka tambaya a nuna maka abin da aka gwada tukuna. Kuma a daren nan, tun kwamfutar na amsa sallama, ka kwafe abin da ba za ka iya jure rasa shi ba.